Yoyon da Ba a Gyarawa

Shekara talatin da ɗaya tasar rabon ruwan garinmu Tazult tana hannuna. Tasar tagulla ce mai 'yar huda a gindi. Ina ɗora ta a kan ruwan bokiti, ta sha ta nutse, awo ɗaya ya wuce, in yi ƙulli a igiya. Gidan wane awo tara, gidan wane awo huɗu. In naka ya cika sai in ɗaga murya, a toshe bakin gonarka a buɗe na maƙwabcinka. Ban taɓa ƙara wa kowa ba, ban taɓa rage wa kowa ba. Shi ya sa abokaina ba su da yawa, ban kuma yi cigiyarsu ba.

'Yata Ijja ta shekara goma sha biyu a Agadir tana gyara gadajen otal. Da mijinta ya rasu ta hawo dutse ta dawo gida, da akwati biyu da wata sabuwar magana a baki. Wai za ta mai da tsohon gidan kakarta gidan baƙi mai kare muhalli.

Na ce, "Mene ne muhalli?"

Ta ce, "Duk abin da kake gani ɗin nan, Baba. Dutsen, ruwan, itatuwan."

"To. Shekara saba'in ina zaune a cikinsa, ba wanda ya gaya mini sunansa."

Ta gyara ɗaki biyar. Ba siminti, ƙasa da dutse kawai, irin ginin da kowa a garin yake neman halin rushewa. Ta kafa wani faranti a kan rufi yana dafa ruwa da zafin rana. Ta yi masai wanda ba a zuba masa ruwa sai garin katako. Kakana ma haka yake yi a bayan garke, ba wanda ya hau jirgi ya zo kallo.

Da maganar ta zo gaban jama'a a dandalin masallaci, na ƙi. Aka rinjaye ni, don Ijja ta yi alkawari gurasar baƙi daga gida-gida za ta fito, bi da bi, alfadaran ɗaukar kaya ma bi da bi. Aka yanka mata awo biyu duk Asabar ta cika tankinta. Na ce to, amma da sharaɗi. Hannun baƙonta hannunta ne. Doka kuma tana nan yadda kakanni suka bar ta: gidan da ya taɓa targa, wato magudanar ruwanmu, ba da izinin mai tasa ba, ruwansa ya yanke shekara guda. Targar nan ita kaɗai ke ɗauko mana ruwa daga idon dutse, ta biyo gefen tsauni har gonaki. Na faɗi sharaɗin da ƙarfi don kowa ya ji ban sassauta wa jinina ba. Aka shafa fatiha. Ranar na ji daɗin kaina ƙwarai.

In gidan baƙi ya shekara ba ruwa, ya mutu ke nan, mai shi kuma ta koma gyaran gadajen Agadir. Na san haka sa'ad da nake magana. Ita ma ta sani.

Baƙi suka fara zuwa. Sukan bar mota inda titi ya ƙare, su hau alfadari tafiyar awa uku. Wasu sukan ƙi hawa don tausayin alfadarin, su iso shi yana wasa da jela su kuma suna neman mai ɗauka. Ba su cin nama. Kajin Tazult ba su taɓa ganin zaman lafiya irin na shekarun nan ba. Suna ɗaukar hoton ƙofa, hoton jaki, hoton hannuna. Fuskata ba ta dame su ba, hannun suke so. Ni dai ban taɓa taka cikin gidan ba. Ranar Asabar in tsaya a bakin katanga in auna awo biyu in juya.

Duk Talata kuma akwai abin da Ijja ta sa wa suna ranar taimakon gari. Mutum ya ƙetaro teku don ya huta, sai a miƙa masa buhu ya tsinci leda, yana murna. Makarantar garin sun shafa mata farar ƙasa sau huɗu a shekara ɗaya, har ajin ya fara matsewa.

A shekara ta uku, cikin Agusta, lokacin da ruwa ya ja baya kowa yana hararar gonar kowa, wani Torban ya zo daga Danmak. Dogo ne, ja, ba ya yawan magana. Wai injiniyan ruwa ne a ƙasarsu, inda na ji ruwan ya yi musu yawa har korarsa suke yi.

Ranar Talata ba a awo. Ruwan na masallaci ne da na tafkin dabbobi, maza kuma duk suna kasuwa a gindin kwari. Ni ma na sauka a cire mini haƙori. Ijja ta tura baƙinta su bi gefen targa su tsinci leda, ta koma kan tukunya.

Laraba da safe na ɗora tasa, na ga abin da ban taɓa gani ba. Ruwan ya kai gonakin ƙarshe tasa ba ta ko yi rabi ba, kuma ya zo da kauri. A Agusta. Na san ba ruwan sama aka yi ba. Na ɗauki sandata na bi targa sama, kumatuna a kumbure.

A ƙarƙashin babban dutse na tarar da aikin.

A wurin nan targa tana yoyo. Shekara talatin da takwas tana yoyo. Yanzu da Lalla Tuda ta riga mu gidan gaskiya zan iya faɗin dalili. Mijinta Yidir a nan ya mutu, muna sassaƙe hanyar ruwa dutse ya zamo ya danne shi. Ya bar ta da 'yar gona ɗaya a ƙasan wurin, wadda ba ta cikin rabon awo. Rabon awo tun na kakanni ne, in ka ce za ka ƙara gida ɗaya sai an fasa kawuna. Sadaka kuwa ba ta karɓa. An taɓa kai mata buhun sha'ir, ta jawo shi har ƙofar masallaci ta yar. To da muka sake ɗora bangon targa, sai aka manta da dutse ɗaya. Mu bakwai ne a wurin, duk muka manta tare. Ba wanda ya ce komai, ranar ko bayanta. Duk bazara in an fito gyaran targa, fartanyar kowa takan gaji daidai wurin nan, ta farfaɗo taku biyar a gaba. Ruwan yana tsattsafowa ya gangara cikin masararta. Ba ta da wanda za ta gode wa, ba wanda zai ce ya ba ta.

Yanzu an toshe. Kuma wane irin toshi! An cire duwatsun da suka yi sako-sako, an sassaƙe wasu an jera su baki da baki, an cusa yumɓu an daddage, ko tsinke ba zai shiga ba. Ba siminti ko kaɗan, kada muhalli ya ji haushi. Na shekara hamsin ina ganin aikin dutse, ban ga kamarsa ba. Na tsaya ina zagin mai shi ina shafa aikin.

Na leƙa ƙasa. Inda ciyawa take kore kullum ya fara yin fari. Lalla Tuda tana tsaye cikin masararta da sanda, ba ta ɗaga kai ba.

Ina saukowa na haɗu da Hammu. Gonarsa ce ta ƙarshe a targa, shi ya fi kowa shan sabon ruwan. Shi ne kuma mai benen siminti hawa uku a ƙarshen titi, da tayil da talabijin a kowane ɗaki, wanda baƙi suke wucewa ta gabansa su hau dutse su kwana a ɗakin ƙasa. Shekara uku yana haɗiye wannan.

Ya kira ni da Dda, yadda ake girmama dattijo a garinmu, ya ce, "Dda Addi, sannu da haƙori. Ka ga aikin alheri?"

"Na gani."

"Baƙin Ijja ne, Allah Ya yi musu albarka. Ni dai ina ta tunani, da izininka aka yi? Don na tuna wani dattijo ya taɓa faɗin wani sharaɗi a masallaci, da murya har tsaunin can ya amsa."

"Kunnenka lafiya lau, Hammu. Allah Ya sa sauran jikin ma haka."

"Amin, Dda. Sai Juma'a ke nan."

Hammu ya haura arba'in, ya san yoyon na wane ne. Ya kuma san ba mai iya buɗe baki ya faɗa a gaban jama'a, don ranar da aka faɗa, ranar Lalla Tuda za ta ɗebo laka ta toshe shi da hannunta. In kuma na koma ni kaɗai na buɗe, na zama mai tasa ɓarawon ruwa, laifin Ijja kuma yana nan inda yake.

Na wuce gidan baƙi, na tsaya a bakin katanga na yi kira. Ijja ta fito tana goge hannu.

"Yau ba Asabar ba ce, Baba. Ko ka yi ɓatan hanya ne?"

"Wa ya ce baƙinki su taɓa targa?"

"Leda na tura su tsinta. Suka dawo da laka har gwiwa suna ta murna. Torban ya ce kashi ɗaya cikin goma na ruwan garin nan a wurin yake zubewa. Shekara nawa kuna wucewa kuna kallo? Tun ina yarinya nake tsallake taɓon nan. Mutum ya gyara muku a kyauta, sai a gode."

"Za a gode ranar Juma'a. Hammu ne zai yi godiyar."

Ta daina goge hannu. Ba ta da wauta, ta gane.

"Za ka yanke mini ruwa?"

"Ni na faɗi sharaɗin."

"Na san kai ka faɗa, duk garin sun sani, har alfadarai. Tambayarka nake, za ka yanke?"

"In jama'a ta ce."

"Baba, mata goma sha huɗu ke gasa wa gidan nan gurasa. A kan me? A kan an toshe rami?"

Na dube ta. Saura kaɗan in faɗa mata dalilin yoyon. Shekara talatin da takwas ban faɗa wa kowa ba, ko uwarta ma har ta rasu.

Na ce, "Yaushe rabonki da gaida Lalla Tuda?"

"Me ya kawo Lalla Tuda a nan?"

"Tsohuwa ce. Ana gaida tsofaffi. Ki bi ta cikin gonarta, ya fi kusa."

Ranar Alhamis da hantsi ina zaune da tasa a gindin ɓaure, ta zo ta tsaya a kaina. Daga gonar Lalla Tuda take.

Ta ce, "Ganyen ya fara naɗewa. Ta ba ni shayi, ta yi mini hirar ciwon gwiwa, ko sau ɗaya ba ta ambaci ruwa ba."

"Ba za ta ambata ba."

"Ku mutanen garin nan, da baki ɗaya cikinku ya buɗe da duk wannan bai faru ba. Sai na sa allo a wurin."

"Ki rubuta me a allon?"

Tasa ta nutse, na yi ƙulli, na kira sunan gida na gaba.

Juma'a bayan an sauko, maza ashirin da 'yan kai suka zauna a dandali. Hammu ya miƙe, ya yi magana mai daɗi. Ya yabi baƙi, ya yabi aikin, ya ce a bar shi yadda yake don amfanin kowa. Ya ce shi ba ya gaba da Ijja, kamar ƙanwarsa take, zuciyarsa tana ciwo. Amma doka doka ce, kuma Allah Ya ba mu mai tasa wanda bai san ɗa ba bai san 'ya ba. Tsofaffi suka sunkuyar da kai, kowa ya ga abin sha'awa a yatsun ƙafarsa.

Liman ya ce, "Dda Addi, me ka ce?"

Na ce, "Ba na yanke hukunci a kan abin da jama'a ba ta gani ba. Mu hau."

Muka hau cikin rana tsaka, a jere a kan bangon targa. Dda Basu, wanda ya haura casa'in, a kan alfadari aka kai shi. Na ɗauki babbar fartanyata. Ijja ta biyo mu daga nesa, Torban yana gefenta da sabuwar riga. Ya zaci za a yi masa biki.

Da muka isa kowa ya ga aikin, sai na ji ana ta ajiyar zuciya. Waɗanda suka san dutse sun san abin da suke kallo.

Na ce, "Sabon aiki a targa, jama'a ba ta karɓarsa sai mai tasa ya gwada shi da bugu uku. In ya tsaya aiki ne. In ya zube ba a yi komai ba."

Wannan al'adar a kan hanya na ƙirƙiro ta, tsakanin injin niƙa da babban dutse.

Hammu ya ce, "Tun yaushe?"

Daga kan alfadari Dda Basu ya ce, "Tun ubanka bai iya ɗaura wando ba. Haka mahaifina yake yi."

Duk tsofaffi suka gyaɗa kai. Wani ma ya ce ya tuna.

Na tofa yawu a hannu, na ɗaga fartanya na sauke bayanta a kan aikin. Ƙarar ta tafi har ƙetaren kwari ta dawo. Na sake. Na sake na uku da duk abin da ya rage mini a kafaɗa, har ramin haƙorina ya ɓalle da jini. Ko ƙura aikin bai zubar ba.

Torban ya yi murmushi ya ɗaga mini babban yatsa.

Na jingina da dutse ina haki. Hammu ya ce, "Alhamdulillahi, ya tsaya. Sai mu koma kan maganarmu."

Dda Basu ya ce, "Uku na mai tasa ne. Daga nan sai masu gidaje, kowa ɗaya. Na manta ban faɗa ba, tsufa."

Ni ban ce komai ba. Numfashi nake nema.

Liman ya naɗe hannun jallabiyarsa ya karɓi fartanya ya yi bisimilla ya buga. Shiru. Maƙeri ya buga. 'Yan'uwa biyu masu alfadarai suka buga, ɗaya bayan ɗaya. Wani da ya shekara yana kukan ciwon baya ya yi bugun da ya kusa raba ƙotar. Mutum bakwai, aikin yana nan yana kallonmu. A raina na ce Allah Ya isa tsakanina da makarantun Danmak.

Murmushin Torban ya fara raguwa. Ya tambayi Ijja wani abu da Faransanci, ta amsa masa a gajarce.

Hammu yana ta dariya. Ya ce, "Ku bari, dattawa, kada a kwashi wani a kan alfadari. Ko kwana za ku yi ba zai motsa ba. Aikin ilimi ne wannan, ba irin namu ba. Kawo ku gani." Ya fizgi fartanya ya ɗirka mata bugu ɗaya mai kyau, ya juyo yana buɗe hannu. "Kun gani?"

Mun gani.

Mutum biyu bayansa, mai niƙa ya zo, wanda kafaɗarsa ta kai faɗin ƙofa. Bai buga tsakiya ba. Ya duba, ya zaɓi wani ɗan dutse a ƙasa daga gefe, ya sakar masa. Dutsen ya yi tsalle ya gangara kwari. Muka tsaya muna kallo. Yumɓun ya yi duhu, ya jiƙe, sai ga ruwa siriri ya leƙo, ya bi tsohuwar hanyarsa cikin ciyawa kamar bai taɓa barinta ba.

Na ce, "Aikin banza. Bugu goma sha huɗu kacal ya zube. Ba a yi gyara a nan ba, yoyo yana nan yadda muka san shi. Mu tafi."

Hammu ya daka tsalle. "A'a, Dda Addi! Doka ba ta ce wanda ya gyara ba. Ta ce wanda ya taɓa ba da izini ba. Sun taɓa ko ba su taɓa ba?"

"Sun taɓa."

"To!"

"To. Ni bugu uku na ce, na mai tasa. Wa ya ji na ba wani izini bayan nan?"

Ba wanda ya ji. Dda Basu ya ce shi dai labarin mahaifinsa ya bayar, bai aiki kowa ba.

Na ce, "Gida goma sha ɗaya suka taɓa targa yau a gabana, ga na Ijja na goma sha biyu. Sidi liman, da kai zan fara ko da Hammu? Ni duk ɗaya ne a wurina. Igiyata za ta huta."

Sai mai niƙa ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Hammu ya dubi fartanyar, ya dubi hannunsa, ya ce wannan zalunci ne da rana tsaka. Liman ya ce gaskiya ne rana ta yi tsaka, a sauka a sha inuwa. Ya ce a ganinsa abin da ya dace shi ne gidan Ijja ya ciyar da jama'a kuskus, tarar baƙin da ba a nuna musu hanya ba, magana ta mutu. Aka ɗaga hannu aka shafa fatiha. Hammu ma ya shafa, da hannu ɗaya.

Kowa ya juya, ban da Torban. Ya tsuguna a gaban aikinsa yana taɓa inda dutsen ya fita, ruwa yana bin yatsunsa. Ya ɗago ya yi magana a hankali.

Ijja ta ce, "Yana tambaya mene ne laifin aikin. Ya ce in akwai kuskure a nuna masa, yana so ya koya."

"Ki ce masa ƙasar wurin ce ba ta riƙo."

"Ba zan yi masa ƙarya ba, Baba. Ya fi ka sanin ƙasa."

"To ki yi shiru. Shi muka iya."

Ta yi shirun. Mutumin ya wanke hannunsa a targa ya sauka shi kaɗai a gaba, sabuwar rigarsa duk laka. Na ci mutuncin mai sana'a a gaban maza ashirin, a kan aikin da ya fi nawa. Ƙaryar al'ada ba ta hana ni barci ba. Wannan ya hana.

Asabar da safe na je bakin katangar Ijja na buɗe mata ruwa. Ya shiga tanki yana ƙara. Ta tsaya a ƙofa da hannu a ƙugu tana saurare, ba ta ce na gode ba, ni ma ban jira ba. Da awo biyu suka cika na toshe, na ce ta kira mini dogon.

Ya fito ba fara'a. Na miƙa masa guduma da igiyar awo, na yi masa alama ya biyo ni. Akwai bangon gonata da ƙanƙara ta rusa tun hunturu. Mutum uku sun nemi su taya ni ɗora shi na kore su, don ba na son aikin da zan rushe in sake. Na nuna masa tarin duwatsun, na nuna masa bangon, na koma gefe na zauna. Ya dube ni, ya dubi bangon, ya daɗe. Sai ya tuɓe riga ya fara zaɓen dutse. Ban gyara masa ko ɗaya ba. Bangon yana nan har yau. Dalilin yoyo kuwa ya koma ƙasarsu bai sani ba.

Muna nan, shi yana jera dutse ni ina kallo, sai ga Lalla Tuda ta gangaro da damin ciyawa a baya, tana dogara sanda. Takalmanta sun jiƙe sharkaf. Ta tsaya ta ƙare mini kallo daga rawani har ƙafa.

"Addi."

"Na'am, Lalla."

"Targarka tana yoyo a ƙarƙashin babban dutse. Duk ta ɓata mini hanya, na kusa zamewa. Kai ne mai tasa ko kuwa hoto?"

"Ni ne, Lalla."

"To yaushe za a gyara?"

"Sai bayan girbi."

Ta yi tsaki, ta gyara daminta ta wuce.